Jirgin faiba ma yana ruɓewa: yadda muka farke na Kawu muka sake mishi ƙashi da daɓe

Duk wanda yace maka jirgin ruwan faiba baya ruɓewa toh rabin gaskiya ya faɗa maka. Ita faibar kanta eh, zata iya shekara talatin ko arba'in a yashe bata ce komai ba sai dai fenti ya koɗe, amma yawancin tsofaffin jiragen nan akwai katako a cikinsu wanda ido baya gani, an lulluɓe shi da faiba an rufe. Wuri uku ne: daɓen da ake takawa, allon baya inda ake rataya inji, sai kuma dogayen ƙasusuwan da suka miƙe a ƙarƙashin daɓen tun daga baya har kusa da hanci. Waɗannan ƙasusuwan su ne azarar jirgin, yadda azara ke riƙe da rufin soro ba tare da kowa yana kallonta ba haka suke riƙe da cikin jirgi, domin ɓawon faibar shi kaɗai siriri ne, wani wurin bai fi milimita 5 ko 6 ba, in babu abin da ya tokare shi lanƙwasa yake duk sanda ruwa ya buge shi.

Jirgin da nake magana na kawuna ne, ƙafa 16, irin masu buɗaɗɗen sama ɗin nan. A gwanjo ya saye shi tun muna yara, yayi aiki dashi a kogin Galma na Zariya yana tsallakar da kayan gona da ma'aikata zuwa fadamarshi ta wancan ƙetaren, daga baya inji ya mutu aka jawo jirgin aka ajiye a bayan gida can wajen Dakace, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, shikenan aka manta dashi sai kaji da yara. Da maganar gyara ta taso Kawu ya kira kafinta ya duba, kafinta ya hau ya taka yaji daɓen yana lotsawa, yace ai abu mai sauƙi ne Alhaji, a samo filawud biyu a shimfiɗa a kan tsohon a buga kusa a yi fenti, gobe ma sai a shiga ruwa. Kawu har ya fara lissafin kuɗi. Ni ne nace Kawu don Allah a dakata, a bari mu ga abin da ke ƙasa tukuna.

Ban ga laifin kafintan ba fa, a ɗaki haka ake yi kuma ya zauna lafiya. Amma a jirgi wannan shine gyaran gangar Auzinawa, ka ƙara ma jirgi nauyi, ka huda shi da kusoshi, ka kuma rufe ɓarnar yadda babu mai sake ganinta sai ranar da aka loda buhunan masara aka kai tsakiyar ruwa. Daɓe baya lotsawa haka kawai. In kaji yana lotsawa to kusan kullum abin da ke ƙarƙashinshi ya riga shi mutuwa.

Gwajin ba wuya. Ka ɗauki ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasa allon baya da daɓen, inda katako ke da rai zakaji ƙara mai kaifi, inda ya mutu zakaji ta a dushe. Sai kuma injin huji, ka huda ƙaramin rami ta ciki ka duba garin da ya fito, in fari ne busasshe alhamdulillah, in baƙi ne mai danshi yana warin ruɓa toh an gama. Namu da muka huda ƙashin dama ruwa ne ma ya biyo bakin injin, baƙi ƙirin. Allon baya kuwa da na kama shi da hannu biyu na jijjiga sai da ya motsa, kuma nan ne wai za a rataya inji.

Abin da ya bani mamaki, ba kogi ne ya kashe jirgin nan ba. Ruwan sama ne. An ajiye shi a miƙe, toshiyar ramin fitar ruwa na baya tana ciki ba a cire ba, ganyen mangwaro ya cika shi, duk damina ruwa ya taru ya kwanta, kuma kun san ruwan Agusta a Zariya ba wasa ba. Ruwan ya bi ramukan sukurun kujeru da ƴan tsage-tsagen daɓen ya shiga katako, ita kuma faibar da aka lulluɓe katakon da ita don ta kare shi sai ta hana shi bushewa, ruwa ya shiga babu hanyar fita. Ga zafi, ga danshi, ga duhu, ruɓa bata neman abin da ya wuce haka. Sannan gara ta samu hanya ta wani fashewa a kusurwar baya ta ƙarasa abin da ya rage. Akwai kuma soson da masu ƙera jirgin suka zuba a ƙasan daɓe don ya hana nutsewa, shi ma ya sha ruwa yayi nauyi, da muka ɓamɓaro shi in ka matsa ruwa ke tsiyaya, buhu-buhu muka fitar, jirgin da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi ya dawo ni da yara biyu muna juya shi.

Kafin a yanka komai akwai abin da in aka tsallake shi duk sauran aikin banza ne, wato tallafe jirgin. Da zarar ka cire daɓe da ƙasusuwa ɓawon ya zama laɓo-laɓo, gefe zai buɗe, ciki zai lotsa inda nauyi ya fi, in kuma ka ɗaura sababbin ƙasusuwa a haka toh ka daskarar da karkacewar har abada, jirgi ya dinga jan gefe ɗaya ko yana dukan ruwa da hanci. Mun share wuri mun daidaita ƙasa, muka jera katakai a ƙarƙashin tsakiyar jirgin daga gaba zuwa baya, gefe da gefe muka tokare da buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, muka auna faɗin bakin jirgin a wurare da dama muka rubuta da maka a jikinshi, sannan muka gicciya katakai muka ɗaure baki da baki don kar ya buɗe. Na kuma ja igiya a tsakiya daga hanci zuwa baya, ita nake dubawa duk safiya kafin a taɓa komai.

Yankan daɓe da giranda muka yi, a hankali, ana barin kamar santimita 5 na tsohon a gefe-gefe don ya nuna mana tsayin da sabon zai zauna. Wurin da ya fi haɗari shine gefen, inda daɓe ya haɗu da jikin jirgi, domin tazarar ba yawa, hannu ya ɗan zarce kaɗan sai kaga hasken rana ta ƙasa. Ƙasusuwan kuma bamu cire su gaba ɗaya lokaci guda ba, ɓangare ɗaya muka fara, muka gama shi ya kama sannan muka koma ɗayan. Da ka yanke saman faibar da ta rufe ƙashin, abin da ke ciki da hannu ake kwashe shi, ba ka buƙatar kurfi ma.

Sai gurza. Wallahi in akwai abin da zai sa mutum ya tsani jirgi toh wannan ne. Sabuwar faiba bata kama tsohuwa sai an gurje ta da faifan giranda mai kaushi, lamba 36 ko 40, har sai fenti da datti da maiƙo sun tafi kaga faiba tsantsa, kuma faɗin wurin da zaka gurza ya kai taƙi guda ko fiye a kowane gefen layin ƙashi. Ƙurar farar nan gilashi ne niƙaƙƙe, tana shiga fata tana ƙaiƙayi, tana shiga huhu in baka rufe hanci ba, kuma irin takunkumin yadi na lokacin korona baya tare ta yadda ya kamata, a nemi na masu fentin mota mai matata. Riga mai dogon hannu, a ɗaure wuyan hannun da salatif, tabarau, hula. In an tashi a yi wanka da ruwan sanyi, kar a dirje jiki, a bar ruwa ya kwashe ta. Kayan aikin kuma kar a haɗa su da wankin gida, uwargida ta kafa min wannan dokar tun ranar farko kuma tana da gaskiya. Wutar nefa kuwa kun san hali, janareto ne ya ci kuɗin mai har Kawu ya fara tambaya ko jirgin ne ke shan fetur tun bai shiga ruwa ba.

Lokacin da muka zaɓa ya taimaka sosai. Bayan ɗaukewar ruwa muka fara, muka bar ɓawon a buɗe iskar hunturu ta busar dashi ƙayau, wannan kam Allah ya bamu kyauta, mutanen Legas da Fatakwal da suka fi mu sanin jiragen faiba fama suke da danshi shekara gaba ɗaya. Sai dai hunturun yana da nashi sharrin, ƙura. Ka goge wuri da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, ka juya ka ɗauko buroshi ka dawo ka tarar ƙura ta sake kwanciya, dole muka kewaye wurin da tamfol. Sannan sanyin asuba na Disamba da Janairu baya ma rezin daɗi, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa faiba dashi, in sanyi yayi ƙasa da digiri 15 baya daskarewa da kyau, sai mu jira hantsi. Zafin Maris da Afrilu kuma akasin haka, kafin ka gama shafawa ya daskare maka a cikin roba.

Kayan aiki a Zariya sai an haɗa da haƙuri. Masu gyaran bambar mota a Sabon Gari suna da rezin da hadina, wato maganin da ke sa rezin daskarewa, da tabarmar faiba, amma kaɗan-kaɗan suke sayarwa a gorar ruwa, wanda zai ishi bamba ɗaya, kuma baka san tun yaushe aka ɗura shi ba, shi kuwa rezin yana tsufa, in ya daɗe a zafi yana kauri ya fara gudaji. Namu daga kasuwar kemikal ta Ojota a Legas aka sako mana a mota muka karɓa a Kwangila. Kuɗin kam kar ku tambaya, komai nashi da dala yake tafiya. A nan Sabon Garin dai na samu wani dattijo mai gyaran bamba wanda ya taɓa aiki a wurin ƙera tankunan faiba a kudu, shi ya zama malamin aikin, ni da yaran gida muka zama ƴan koyo. Hannunshi kawai zaka kalla kasan ya daɗe yana yi.

Rezin iri biyu ne ake magana, foliyesta da ifoksi. Ifoksi ya fi kama katako, ya fi hana ruwa, amma kuɗinshi ninki ne ba ɗaya ba, kuma irin tabarmar faiba mai warwatsattsen zare da ake samu a nan an yi ta ne don foliyesta, sinadarin cikinshi ne ke narkar da abin da ya riƙe zaren ta kwanta luf. Jirgin kanshi da foliyesta aka ƙera shi, don haka muka tsaya a kanshi muka ƙara ƙoƙari wurin gurza. Abu ɗaya da ya kamata a sani ga mai son haɗawa, ifoksi yana kama saman foliyesta, amma foliyesta baya kama saman ifoksi da kyau.

Awon hadina shine inda ƴan bamba da yawa ke yi da ka, a tsiyaya kawai a ce ya isa. A bamba ba komai, a jirgi akwai komai. Ƙa'idar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, wato kilo ɗaya na rezin mililita 10 zuwa 20, da sirinji muke aunawa, in rana tayi zafi mu tsaya wajen 10, in da sanyi-sanyi mu matsa sama, amma ba a sauka ƙasa da kashi 1 don wai a samu lokaci, sai ya ƙi daskarewa ya barka da danƙo. Rabin kilo muke kwaɓawa a lokaci guda, a roba mai faɗi, domin in ya taru da yawa a wuri mai zurfi zafi yake ɗauka da kanshi har yayi hayaƙi ya narkar da robar. Kuma ga wani gargaɗi da dattijon nan ya maimaita ma yaran har suka haddace: wani rezin ɗin ana sayar dashi da wani ruwa mai launin shunayya daban, mai saurin kamawa, toh wannan a cikin rezin ake fara juya shi sosai sannan a kawo hadina, in suka haɗu su biyu kai tsaye wuta suke kamawa. Kwalabensu ma ba a ajiye su wuri ɗaya. Hadinar kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, don haka bokitin ruwa mai tsabta yana gefe kullum. Sigari kuwa ko kusa, asiton da rezin duk abokan wuta ne.

Katako ma sai da aka yi muhawara. Kawu yace a sa loko tunda kowa yasan baya jin ruwa baya jin gara, kuma gaskiya ne, amma loko yana da maiƙo a jikinshi, foliyesta baya son kama shi, ga nauyi. Farin katako kuma araha ne amma araha bata ado, ruwa kaɗan ya gama dashi. Muka tsaya a filawud na jirgi mai milimita 18 don ƙasusuwa da allon baya, mai 12 don daɓe. Matsalar ita ce a kasuwa kowane filawud in ka tambaya sai a ce maka ai marin ne Alhaji, wato na jirgi. Hatimin da ake nema a jikin na gaske shine BS 1088, amma hatimi kowa na iya bugawa, don haka na yanko ƴan guntaye daga kala uku na jefa a tsohuwar tukunya na tafasa su na wasu awanni. Biyu suka ɓare falle-falle, ɗaya ya fito yadda ya shiga. Shi muka saya. Maƙwabta sun sha dariya ranar, wai ɗan Alhaji ya fara dafa katako.

Siffar ƙasusuwan da kwali muka fara fitarwa, ana yanka ana gwadawa har ya bi lanƙwasar cikin jirgin, sannan aka zana a filawud, nan kafintan namu ya nuna gwanintarshi don gaskiya hannunshi na da kyau. Tunda tsawon filawud ƙafa 8 ne kawai dole a yi haɗi, sai muka manna falle biyu muka saɓa wurin haɗin yadda ba zasu faɗo wuri ɗaya ba. Saman kowane ƙashi an rage mishi kaifi an mulmula shi, saboda faiba bata iya bin kusurwa mai kaifi, sai ta ɗaga ta bar iska a ƙasa. Sannan kowane katako sai da ya sha rezin ta ko'ina kafin ya shiga jirgi, musamman bakin yanka, nan ne filawud ke zuƙar ruwa, muna shafawa yana shanyewa muna ƙarawa har ya ƙoshi ya fara sheƙi.

Wani abu da ban sani ba sai a bakin dattijon nan, ba a ɗora ƙashi kai tsaye ya zauna a kan ɓawon jirgi. Nace Baba me yasa, ba gara ya zauna daram ba? Yace a'a ɗana, jikin jirgi motsi yake a ruwa, in katako mai tauri ya dafe shi a layi ɗaya toh a wannan layin zai tsage wata rana. Sai a bar ƴar tazara kamar rabin santimita, a cike ta da kwaɓin rezin da aka kaurara da hoda da yankakken zaren faiba, kauri yadda in ka ɗebo a cokali ka kife ba zai zubo ba. Da wannan kwaɓin ake kuma cike kusurwar da ke tsakanin ƙashi da ɓawo, a bi da bayan cokali a mulmula ta. Bayan nan sai ɗauri, tsirin faiba mai faɗin santimita 10 kowane gefe, na biyu 15, na uku 20, kowanne ya zarce na ƙasanshi don ƙarfin ya bazu a hankali, ana saɓa tabarma mai warwatsattsen zare da saƙaƙƙiya, kullum mai warwatsen ce ke fara taɓa jiki. Daga ƙarshe a lulluɓe ƙashin gaba ɗaya ta sama.

Lissafin rezin kuma ga yadda yake, tabarma mai giram 450 a murabba'in mita tana shan wajen kilo ɗaya ko ɗan fiye, saƙaƙƙiyar kuma kusan nauyinta take sha. Mutane na ɗauka yawan rezin shine ƙarfi, ba haka bane, ƙarfin yana cikin zaren, rezin riƙe shi kawai yake, in yayi yawa nauyi ne da saurin fashewa. Akwai ƴar rola ta ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake bi da ita ana korar iska, duk inda kaga fari-fari toh iska ce ko rezin bai ratsa ba, sai ya koma garau kana hango katako ta ciki sannan ka matsa gaba. Kuma ba a jibga falle da yawa a zama ɗaya, uku ya isa, a bari ya huce.

Allon baya falle biyu na mai 18 muka manna, ta ciki muka yi aikin muka bar fatar waje yadda take don kar siffar jirgin ta canza, aka matse da katakai da dogayen notuna har ya kama, sannan aka ɗaure shi da gefuna da ƙasa da kuma ƙarshen ƙasusuwan, domin turin inji daga allon nan yake bi ya shiga ƙasusuwa ya tura jirgin gaba ɗaya.

Hanyar ruwa ita ce abin da na fi tsayawa a kai tunda na ga abin da ya kashe na farkon. Duk yadda ka rufe jirgi ruwa sai ya shiga, abin da ake so ya samu hanyar fita. A gindin kowane katakon da ya gicciye mun bar rami, muka tsaga fayif ɗin roba biyu muka kifa muka bi da faiba yadda ruwa zai wuce bai taɓa katako ba, duk ya gangara baya wurin toshiya. Na kuma bar ƙofar dubawa guda biyu a daɓen masu murfi, don a dinga buɗewa ana leƙawa ana shan iska. Ramin sukuru kuwa, duk inda za a ɗaura wani abu sai mun huda rami wanda ya fi sukurun faɗi, mu cike da kwaɓin rezin, ya daskare, sannan mu huda ƙarami a tsakiyar, kenan sukurun a cikin rezin yake zaune ba a cikin katako ba. Yana cin lokaci har kafinta ya fara tsaki, amma ta irin ramukan nan ne ɓarnar farko ta shiga. Sukurun kuma silba marar tsatsa, ba baƙin ƙarfe ba.

Maganar abin hana nutsewa, soson da ake zubawa ya kumbura yana da tsada kuma mun ga yadda tsohon ya ƙare. Farin soson kwalin talabijin kuma rezin foliyesta narkar dashi yake nan take. Sai muka koma ma gorunan ruwa na roba, masu lita ɗaya da rabi, busassu, a ɗaure murfin tam. Lissafin a fili yake, lita ɗaya ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya a ruwa, gora 100 kenan wajen kilo 150. Yaran unguwa suka tara mana su, muka cusa tsakanin ƙasusuwa muka matse yadda ba zasu dinga ƙara ba, muka bar layin tsakiya don ruwa. Amma ba a zuba duka a ƙasa, in duk abin ɗagawar yana ƙasan daɓe toh ranar da jirgi ya cika da ruwa juyewa zai yi ciki ya koma sama, don haka wasu suna cikin akwatunan kujeru da hanci da can sama a gefuna. Kawu ya ɗauka wasa nake da gorunan nan sai da na tuna mishi abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ƙarshen Nuwamba 2021, jirgi ya kife da mutane yawancinsu yara ƴan Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Ana ta kira yanzu a bar jiragen katako a koma na faiba, kuma ina goyon baya, amma faibar da babu iska a cikinta in ta cika da ruwa ƙasa take yi, gara ma kwalekwalen katako yakan ɗan taso. Rigunan ruwa kuma na sa su cikin lissafin kuɗin gyara tun farko don kar a zo ƙarshe a ce kuɗi sun ƙare.

Daɓen shi ne ya fi sauƙi bayan duk wannan. An shafe ƙasanshi da rezin da falle ɗaya na faiba kafin a kifa shi, aka zauna dashi a kan ƙasusuwa da kwaɓi, aka danne da bulo, aka ɗaure gefunan da jikin jirgi, sama kuma falle biyu. Shafin ƙarshe dole a sa rezin mai kaki a ciki, in ba haka ba saman foliyesta yana zama da danƙo-danƙo saboda iska. Tun yana ɗanye muka barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi busasshe don kar ƙafa ta zame, muka sake bi da shafi ɗaya. Launi ruwan toka mai haske na zaɓa, yaran sun so shuɗi mai duhu amma duk wanda ya taɓa taka baƙin abu ba takalmi da azahar a watan Afrilu yasan dalili.

Kafin a kai shi kogi a gida muka fara gwada shi, muka zuba ruwa a ciki daidai idon sawu muka kwanta muna leƙen ƙasa ko zai ɗiga, ba a cika shi fa, nauyin ruwa na iya ɓalla jirgi a tudu. Bai ɗiga ba. Muka ɗaga hancin muka cire toshiya ruwan ya fita tas har na ƙasan daɓe. A Galma kuma da filafili muka zagaya dashi kusa da gaɓa, na sa yaran su yi tsalle a tsakiya ina kallon gefuna, babu motsi babu ƙara. Kawu na tsaye a bakin ruwa yana cewa toh yanzu buhu nawa zai ɗauka, nace Kawu sai mun loda a hankali mun ga inda ruwa ya tsaya mu ja layi da jan fenti, wanda ya wuce layin nan sai dai ayi sawu biyu. Bai ji daɗin amsar ba amma bai ce a'a ba.

Saura inji. Mai ƙarfin doki 15 muke nema, irin Yamaha ɗin da masunta ke amfani dashi, nauyinshi bai kai kilo 40 ba kuma makanikai sun san shi. Wani ya kawo mana tayin mai ƙarfin doki 40 a farashi mai kyau Kawu har ya fara zumuɗi, amma yayi ma jirgin nan yawa, nauyin kaɗai zai danne bayan. Sannan akwai tsawon ƙafa, allon bayanmu inci 15 ne don haka mai gajeriyar ƙafa zai hau, masu doguwar ƙafa na allon inci 20 ne, in ka sa shi a namu farfela zata nutse da yawa ta dinga sharar yashi duk inda ruwa ya ja baya da rani. Yawancin na hannu da ake kawowa daga kudu masu doguwar ƙafa ne, shi yasa har yanzu muke cigiya, an ce mu leƙa wajen masunta a Tiga ko Yawuri in an gama girbi.